Waiwaye: Yadda ƙofofin shiga jami'a suka yi ta ƙaruwa a Najeriya

Duk shekara idan JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta saki sakamako, tambaya ɗaya ce ke yawo a gidaje: "Nawa ka ci?" Yaro ya ce 210, uwa ta rangaɗa guɗa, tunda ta ji a rediyo an ce 150 ne makin shiga jami'a. Sai an fara fitar da sunaye sannan gidan zai gane cewa 150 ɗin nan izinin tsayawa a layi ne kawai. Ɗiyar yayata ta ci 248 a 2025, likitanci take so, kiredit ɗinta tara a zama ɗaya. Abin da ya fito mata a waya shi ne kwas ɗin nazarin tsirrai, da maɓalli biyu a ƙasa, ta karɓa ko ta ƙi. Kwana uku tana buɗe shafin tana rufewa.

Mahaifinta, wanda ya shiga jami'a kafin a haifi JAMB, ya kasa gane wannan lissafi. A zamaninsu ba haka abin yake ba.

Lokacin da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 da ɗalibai 104, digirin Jami'ar Landan take bayarwa, sharuɗɗan shiga ma na Ingila ne. Babbar hanya ita ce mutum ya gama sakandare ta shekara biyar, ya ƙara biyu a aji shida, ya rubuta jarrabawar kammala shi, wato HSC ko babbar GCE, sannan ya yi digiri a shekara uku. Wanda bai da wannan zai iya rubuta jarrabawar jami'ar, ya yi shekarar share fage. Da aka samu Nsukka a 1960, sannan Legas da Ife da Ahmadu Bello ta Zariya suka fara karatu a 1962, kowace ta ci gaba da sayar da fom ɗinta, tana zaɓar ɗalibanta da kanta.

A nan Arewa ta ci karo da matsalarta. An gina jami'a a Samaru, amma makarantun da ke da aji shida, irin su Barewa, ba su taka kara sun karya ba. Yaran da za su cika azuzuwan ba su isa ba. Maganin da aka yi a zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, shi ne buɗe makarantar share fage a cikin jami'ar kanta, wadda kowa ya sani da SBS, a farkon shekarun 1970. Jihohi suka bi sahu da nasu kwalejojin, kamar CAS ta Kano da NECAS ta Maiduguri, wadda a harabarta Jami'ar Maiduguri ta fara. A 1976 aka kafa hukumar IJMB a ƙarƙashin ABU don ta riƙa shirya musu jarrabawa ɗaya. Harafin farko na sunanta yana nufin "ta wucin gadi", ga shi tana neman shekara hamsin ba ta tafi ba.

A ganina tunanin da ke bayan SBS ya sha bamban da duk abin da ya biyo baya. Ita cewa ta yi, yaron nan bai gama nuna ba, a kawo shi a ƙarasa shi. Da yawa daga cikin manyan ma'aikata da malaman jami'a na Arewa da suka yi tashe a shekarun 1980 da 1990 ta wannan ƙofa suka bi. Hukumomin da suka zo daga baya kuwa rariya ce aikinsu, su tace, su zubar da tsaki.

A 1975 gwamnatin soja ta ƙara jami'o'i bakwai, a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal, jimilla ta zama 13 idan aka haɗa da ta Benin. Sai wani ruɗani ya fito fili. Ɗalibi mai ƙoƙari, kuma mai kuɗin mota, zai cike fom uku, ya samu gurbi uku, ya je ɗaya, biyu su tashi a banza, alhali wani yana gida bai samu ko ɗaya ba. Shugabannin jami'o'in da kansu suka koka. Daga nan aka kafa JAMB da Doka ta 2 ta 1978, a mulkin Janar Obasanjo, da Michael Angulu a matsayin magatakardanta na farko. Aikinta a lokacin bai da yawa: fom ɗaya, jarrabawa ɗaya, gurbi ɗaya ga mutum ɗaya.

Arewa ba ta karɓi hukumar hannu bibbiyu ba, don ana tsoron jarrabawar bai-ɗaya za ta cika jami'o'in yankin da 'yan Kudu. Wannan tsoro na cikin abin da ya haifar da rabon guraben da jami'o'in tarayya ke bi har yau: kashi 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko. Masu zagin wannan rabo da sunan "kason 'yan Arewa" sukan manta cewa Ebonyi da Bayelsa ma suna cikin jerin.

Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, wanda aka fara a 1982, shi ya binne aji shida. An rubuta SSCE, jarrabawar kammala sakandare, ta farko a 1988, digiri ya koma shekara huɗu, lauya da injiniya biyar, likita shida. Nauyin duka ya dawo kan kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Da NECO ta fara jarrabawarta a 2000, ban da ta WAEC da ake yi, sai haɗa sakamako ya zama ruwan dare, a ɗauko Turanci daga nan, Lissafi daga can. Likitanci kuwa jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so.

Akwai wani tarko da ba a cika maganarsa ba, wato haɗin darussa. JAMB darasi huɗu ce, maki 400, Turanci dole. Sauran ukun kwas ɗin da kake nema ne ke yanke su. Mai son likitanci sai Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son lauya sai da Adabin Turanci, kuma na san makarantun gwamnati da yaro zai gama ajin ƙarshe na sakandare bai taɓa ganin malamin wannan darasi ba. Sau da yawa mai shagon intanet ne ke zaɓa wa yaro darussa, ga layi a bayansa ana ta "yi sauri", sai bayan an ci maki mai kyau a gane haɗin bai dace da kwas ɗin ba.

Daga nan kowace sabuwar ƙofa rashin yarda da ta gabanta ne ya kawo ta. Jami'o'i suka ce suna ganin masu 280 da ba su iya rubuta wasiƙa ba, saboda cibiyoyin satar amsa. A 2005, lokacin minista Chinwe Obaji, aka ba su damar yin tasu jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB. Ministan ilimi Malam Adamu Adamu ya soke ta a 2016, ya dawo da ita a 2017 da sharaɗin kada kuɗinta ya wuce naira 2,000. A 2010 an haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin kimiyya da na ilimi ta zama UTME. An shigo da kwamfuta a 2013, zuwa 2015 takarda da fensir sun tafi gaba ɗaya. Wanda ya taɓa raka yaro cibiyar jarrabawa da asuba ya ga abin: ana dangwala yatsa na'ura tana ƙin karɓa, yarinya daga ƙauye tana tambayar ta kusa da ita yadda ake riƙe linzamin kwamfuta.

Farfesa Is-haq Oloyede, da ya karɓi shugabancin JAMB a 2016, ya kawo CAPS a 2017, manhajar da duk wani gurbi sai ya bi ta cikinta kafin ya halatta. Ta rage admishan ɗin bayan fage, wannan gaskiya ne. A shekarar ce kuma aka sauke mafi ƙarancin maki zuwa 120, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Lambar NIN ta zama dole a 2021. A 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai ɗan shekara 18, wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A watan Mayun 2025 Oloyede ya zubar da hawaye a gaban 'yan jarida yana amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon mutum kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. A Oktoban shekarar gwamnati ta sanar cewa kiredit a Lissafi ya daina zama sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da harsuna da makamantansu.

Duk wannan gyare-gyare a bakin ƙofa ake yin su. Mutum kusan miliyan biyu ne suka zauna UTME a 2025, kuma kujerun ajin likitanci ba JAMB ke ƙayyade su ba, majalisar likitoci ta ƙasa ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta. Shi ya sa 248 ke iya zama abin alfahari a gida, ta zama ba komai ba a sashen da mutum dubbai ke neman ƴan gurabe.

Ɗiyar yayar tawa a ƙarshe ta danna "na ƙi". Mahaifinta ya saya mata fom ɗin IJMB, ƙofar da shi ya san ta tun yana saurayi. Idan ta ci, za ta nemi shiga aji biyu kai tsaye, inda guraben likitanci suka fi na aji ɗaya ƙaranci, kuma fom ɗin neman hakan ma a wurin JAMB za ta saya.