Intaferon da ake haɗawa a ɗakin gwaji: tambayoyi da amsoshi

Mene ne intaferon, kuma wa ya gano shi?

Intaferon furotin ne da ƙwayar halittar jiki ke fitarwa da zarar bairos ta kutsa cikinta. Shi da kansa ba ya kashe bairos ɗin. Aikinsa irin na sankira ne: yana kai wa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka labarin shigowar cuta, su kuma sai su kunna ɗaruruwan sinadaran kariya da ke hana ta hayayyafa. Alick Isaacs da Jean Lindenmann ne suka gano shi a 1957 a Mill Hill da ke Landan, lokacin da suka zuba bairos ɗin mura da aka raunana da zafi a kan tantanin cikin ƙwan kaza, suka kuma lura cewa ruwan da tantanin ya kwana a ciki yana kare wani sabon tantani daga kamuwa.

Me ya sa sai an haɗa shi, alhali jiki na samar da nasa?

Saboda abin da jiki ke fitarwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. A shekarun 1970 Kari Cantell na ƙasar Finland yakan tattara fararen ƙwayoyin jini daga jinin da mutane suka bayar kyauta domin ya tace intaferon, kuma duk da yawan jinin da aikin ke ci, abin da ake samu kaɗan ne, mai tsada, gauraye da wasu furotin. Lamarin ya sauya a 1980, lokacin da tawagar Charles Weissmann a Zurich ta ɗauki umarnin gado, wato bayanin da ke cikin ƙwayar halitta na yadda ake haɗa wani furotin, na intaferon nau'in alfa na ɗan Adam ta dasa shi cikin bakteriyar E. coli, Tadatsugu Taniguchi kuma ya ware umarnin gado na intaferon beta a Japan. Daga nan bakteriya ta zama ma'aikata: a kiwata ta cikin tanki, a fasa ta, a tace furotin ɗin. A 1986 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da intaferon alfa da aka haɗa ta wannan hanya domin maganin wani nau'in sankarar jini.

Nau'o'insa nawa ne?

Rukuni uku ne. Na farko ya ƙunshi alfa da beta, na biyu gamma ne kaɗai, wanda ke zaburar da ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye cuta, na uku kuwa lamda ne, da aka bayyana a 2003, kuma tasirinsa ya fi ƙarfi a shimfiɗar huhu da hanji da kuma hanta.

Yaya masu bincike ke amfani da shi?

Nan ne, a ganina, darajarsa ta fi fitowa fili. Mai bincike yakan shuka ƙwayoyin huhun ɗan Adam a faranti mai ramuka 96, ya ɗiga intaferon a jere yana rage ƙarfinsa daga rami zuwa rami, ya bar shi ya kwana, sannan ya zuba bairos. Bayan an sa rini, ramukan da suka samu isasshen intaferon sukan fito da launi sosai domin ƙwayoyinsu na raye, sauran kuwa fayau kamar an wanke su. Da irin wannan gwaji ake auna ƙarfin kowace kwalba a kan ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, domin kwalabe biyu masu ɗauke da intaferon mai nauyi ɗaya suna iya bambanta a ƙarfi. Dole kuma a tabbatar babu ragowar gubar bakteriya a ciki, don ita kaɗai tana iya tayar da ƙwayoyin garkuwa ta ɓata sakamako, kuma a yi amfani da na ɗan Adam a kan ƙwayoyin ɗan Adam, tunda na ɓera ba ya aiki sosai a kansu.

Irin wannan aiki ne ya nuna yadda cututtukan da suka addabe mu ke toshe bakin sankiran. Bairos ɗin zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, tana da furotin da ke narkar da alamar da jiki ke gane ta da ita, don haka intaferon ba ya fita a kan lokaci. A 2020 kuma binciken tawagar Jean-Laurent Casanova ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai su bakin mutuwa suna da garkuwar da ke yaƙar intaferon ɗin jikinsu.

To me ya hana ya zama maganin kowace bairos?

Lokaci da illa. Ya fi amfani ne kafin cuta ta yi kanta, shi ya sa gwajin Solidarity na Hukumar Lafiya ta Duniya bai ga ya rage mace-mace ba a tsakanin masu korona da aka riga aka kwantar a asibiti. Allurarsa kuma takan jawo zazzaɓi, ciwon jiki, kasala, wani lokaci har da matsananciyar damuwa. A ciwon hanta nau'in C ƙwayoyin sha sun riga sun maye gurbinsa, amma a nau'in B, wanda ya yi yawa a Najeriya da Nijar, likita yakan iya zaɓar allurar mako-mako ta tsawon makonni 48 ga wasu majinyata, ko da yake an fi ba da ƙwayar tenofovir.

Za a iya yi wa mutum allura da wanda ake sayarwa don bincike?

A'a. Ba a haɗa shi bisa ƙa'idojin tsabtar magungunan ɗan Adam ba, kuma takardar da ke jikin kwalbarsa takan faɗi ƙarara cewa na ɗakin gwaji ne kawai.