Waiwaye: Yadda Hoton Asibiti Ya Tashi Daga Ƙirga Ɓarna Zuwa Neman Kumburi a Amosanin Rumatoyid

Amosanin gaɓoɓi na rumatoyid cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa siririn tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, ya kumbura ya yi kauri, sannan a hankali ya riƙa cin guringuntsi da gefen ƙashi, galibi a gaɓoɓin yatsun hannu da wuyan hannu da yatsun ƙafa, dama da hagu a tare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 18 ne ke fama da ita a shekarar 2019, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mata ne. Tunda ƙashin da ya zaizaye ba kasafai yake komawa yadda yake ba, tambayar da ta daɗe tana damun likitoci ita ce ko za a iya ganin cutar tun tana farawa, kafin ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Sa'ad da Landré-Beauvais ya bayyana cutar a birnin Faris a 1800, da sa'ad da Alfred Garrod na Ingila ya raɗa mata sunan da aka san ta da shi a 1859, likita ba shi da abin dogaro sai idonsa da yatsunsa da bayanin majinyaci. A watan Nuwamba na 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a birnin Würzburg na Jamus, kuma daga nan aka samu damar duba ƙashin mai rai ba tare da an tsaga shi ba. Eksire na nuna raguwar ƙarfin ƙashi a kewayen gaɓa, da matsewar tazarar da ke tsakanin ƙasusuwa biyu idan guringuntsi ya cinye, da ƙananan ramukan zaizaya a gefen ƙashi. Tantanin da ya kumbura kuwa, wanda shi ne tushen cutar, ba ya fitowa sai dai a matsayin inuwa maras fasali.

Duk da wannan gibi, eksire ya yi kusan ƙarni guda yana jan ragama, kuma an kashe shekaru ana neman yadda za a mayar da abin da ido ya gani zuwa lissafi. Otto Steinbrocker ya kasa cutar mataki huɗu a 1949. John Sharp ya fito da tsarin ba kowace gaɓa maki a 1971, Arvi Larsen da abokan aikinsa suka kawo nasu a 1977, sannan a 1989 Désirée van der Heijde ta ƙasar Holan ta gyara tsarin Sharp ta shigar da ƙafafu, inda jimillar maki ke kaiwa 448. Shigar da ƙafafun na da muhimmanci, domin sau da yawa zaizaya na fara bayyana a gindin ƙaramin yatsan ƙafa kafin a gan ta a hannu. Da irin wannan lissafi aka riƙa tabbatar da ko magani na hana ƙashi lalacewa ko kuwa raɗaɗi kawai yake ragewa, kuma har yau gwaje-gwajen sababbin magunguna na amfani da shi. A ƙa'idojin ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka na 1987 ma, canjin da ake gani a eksiren hannu na ɗaya daga cikin alamomi bakwai da ake buƙatar huɗu daga cikinsu kafin a ce mutum na da cutar.

Abin da ya girgiza wannan matsayi shi ne samuwar magani mai ƙarfi. An amince da maganin methotrexate don wannan cuta a Amurka a 1988, magungunan da ke toshe sinadarin TNF, mai rura kumburi a jiki, suka biyo baya daga 1998, kuma a kusan wannan lokaci aka samu gwajin jini na anti-CCP da ke taimakawa wajen gano cutar. Da ya tabbata cewa fara magani a watannin farko na sauya makomar majinyaci, sai jiran zaizaya ta fito a eksire ya zama sakaci, domin yawancin masu sabuwar cutar hotonsu lafiya lau yake fitowa alhali kumburi na nan yana aikinsa.

A nan ne sikanin, wato hoton da ake ɗauka da amon sauti, ya samu ƙofar shiga. A 1972 McDonald da Leopold sun yi amfani da shi wajen bambance ƙullutun ruwa na bayan gwiwa da daskarewar jini a jijiyar ƙafa, kuma a 1978 Cooperberg ya nuna kumburin tantani a gwiwar masu rumatoyid. Na'urorin wancan zamani ba su iya fayyace ƙananan gaɓoɓi, sai a shekarun 1990 da aka samu masu ƙarfi, tare da fasahar Doppler da ke nuna gudanar jini a cikin tantanin da ya kumbura, abin da ke bambance kumburi mai rai da tsohon kauri. Binciken Wakefield da abokan aikinsa a birnin Leeds na Ingila a 2000 ya nuna cewa a farkon cutar sikanin na gano zaizaya ninki shida da rabi na abin da eksire ke ganowa. Ba shi da haske mai illa, ana yin sa a gaban majinyaci, ana iya duba gaɓoɓi da yawa a zama ɗaya, har a jagoranci allura da shi. Rauninsa shi ne sauti ba ya ratsa ƙashi, kuma ingancin sakamakon ya rataya ne a kan ƙwarewar mai riƙe da na'urar.

Na'urar MRI, mai aiki da maganaɗisu, ita ce ta leƙa cikin ƙashin kansa. A 1998 Fiona McQueen da abokan aikinta a Auckland ta ƙasar Niyu Zilan sun ɗauki hoton wuyan hannun masu sabuwar cutar, suka ga zaizaya a kashi 45 cikin ɗari na majinyatan, alhali eksire ya nuna ta a kashi 15 kawai. Abin da ya fi wannan daraja, a ganina, shi ne gano kumburin ɓargo, wanda eksire da sikanin ba sa iya gani, kuma bincike a Denmak ya tabbatar da cewa yana cikin alamomi mafi ƙarfi na cewa ƙashin zai zaizaye nan gaba. MRI na nuna kumburin kuben jijiyoyin yatsu, wanda kan riga sauran alamomi bayyana. Sai dai yana da tsada, yana cin lokaci, kuma sau da yawa sai an yi allurar sinadarin gadoliniyam mai ƙara fito da hoton. Hoton CT, wato eksiren da kwamfuta ke haɗawa yanki-yanki, ya fi kowa fayyace ramin zaizaya, amma saboda yawan haskensa an fi amfani da shi wajen duba huhu, wanda cutar kan taɓa.

Ƙa'idojin haɗin gwiwa na Amurka da Turai na 2010 sun cire eksire daga jerin makin, suka dogara ga yawan gaɓoɓi da gwajin jini da tsawon lokacin ciwo, inda maki shida cikin goma ke isa. A 2013 ƙungiyar likitocin amosani ta Turai, EULAR, ta ba da shawarar a fara da eksiren hannu da ƙafa, a koma ga sikanin ko MRI idan akwai shakka.

Bayan haka an yi zaton cewa idan aka riƙa ƙara magani har sai hoto ya daina nuna kumburi, majinyata za su fi samun sauƙi. An gwada wannan a binciken ARCTIC na Norwe da TaSER na Sikotlan, waɗanda aka wallafa a 2016 kan sikanin, da IMAGINE-RA na Denmak a 2019 kan MRI, kuma babu wanda ya nuna fifiko a kan kulawa ta kusa da ta dogara ga duba gaɓoɓi da gwajin jini, sai dai ƙarin magani. Ina ganin waɗannan sakamako sun cancanci a riƙa tuna su, musamman da yake masana a birnin Leiden na Holan sun nuna cewa MRI kan nuna ɗan kumburi da zaizaya a hannun mutanen da ba su da ciwon komai, kuma abin na ƙaruwa da shekaru, don haka mai karanta hoto ba tare da sanin majinyaci ba yana iya ɗora wa mai lafiya magani mai nauyi.

Yanzu hankali ya koma kan waɗanda ke jin ciwon gaɓoɓi amma kumburi bai fito fili ba. A binciken TREAT EARLIER na Holan da aka wallafa a 2022, an zaɓi irin waɗannan mutane da MRI ya nuna musu ɓoyayyen kumburi, aka ba wasu methotrexate na shekara guda. Maganin ya rage musu ciwo da kumburin da ke hoton, ya kuma sauƙaƙa musu ayyukan yau da kullum, amma bai hana cutar bayyana ba.