Mai lulluɓi ma tana ba da umarni a fagen fim

An daɗe a Turai ana kallon mace mai lulluɓi a matsayin wadda aka danne, ba ta da ta cewa sai abin da miji ya faɗa. Finafinansu ma haka suka riƙa nuna ta, tana raɓe a bayan ƙofa. Wannan zato kuskure ne.

A 2000, Samira Makhmalbaf ƴar Iran, tana da shekara 20, ta karɓi kyautar alƙalai a bikin finafinai na Cannes a Faransa, baƙin mayafinta a ka. Ita ta ja ragamar aikin fim ɗin da ya ci kyautar a tsaunukan Kurdawa, tana ba maza umarni, yawancinsu mutanen ƙauye da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Dokar tilasta lulluɓi a Iran kuwa magana ce ta daban, kuma matan ƙasar da kansu suke ƙalubalantar ta.