Mene ne Chuna, maganin da masu hatsarin mota ke nema a Koriya ta Kudu?

Chuna wata hanya ce ta gyaran jiki da hannu a likitancin gargajiya na Koriya. Sunan ya samo asali daga kalmomi biyu, turawa da jawowa, kuma aikin ke nan: a kwantar da mutum a kan wani gado na musamman, likita ya danna, ya miƙar, ya juya gaɓoɓi da ƙashin baya har tsokar da ta ɗaure ta saki. Tana kama da tausa, amma ba ɗori ba ce. Karaya aikin asibitin ƙashi ne.

Wanda ke yin ta ba boka ba ne. Likitan gargajiya a can, wanda suke kira hanuisa, sai ya yi shekara 6 a jami'a, ya ci jarrabawar ƙasa, sannan gwamnati ta ba shi lasisi.

Abin da ya haɗa Chuna da hatsarin mota shi ne irin raunin da ya fi yawa a cunkoson birane kamar Seoul. Mota ta daki wata ta baya, kan direba ya fizgu, a ɗauki hoton ƙashi a ga babu karaya, amma washegari wuya ya sage, baya ya riƙe, kai na sarawa. Masu gargajiya suna cewa jini ne ya taru ya ƙi gudana, suna kiransa eohyeol. Sai su haɗa Chuna da tsira siraran allurai, da ƙaho, da dafaffen maganin itatuwa.

Tana aiki? A kan ciwon wuya da na baya, gwaje-gwajen da aka yi a Koriya sun nuna tana rage zafi, tana kuma sauƙaƙa motsi. Sai dai masu harkar ne suka gudanar da yawancinsu, kuma irin wannan rauni yakan lafa da kansa cikin 'yan makonni, don haka da wuya a ware abin da hannun likita ya yi da abin da lokaci ya yi. Mai jiri, ko amai, ko mutuwar hannu bayan hatsari, asibitin zamani zai fara zuwa kafin kowa ya taɓa masa wuya.

Akwai kuma batun kuɗi, wanda ni a ganina shi ne rabin farin jininta. Tun watan Afrilun 2019 inshorar lafiya ta ƙasa ke biyan wani kaso na Chuna, har sau 20 a shekara. A hatsari kuwa, kamfanin inshorar mota ne ke biya, majinyacin da ba shi da laifi a hatsarin ba ya taɓa aljihunsa. A 2021 kuɗin da inshorar mota ta kashe a asibitocin gargajiya ya zarce na asibitocin zamani. Kamfanoni suka yi ta kukan ana jan jinya ba dalili, shi ya sa daga Janairun 2023 duk mai ƙaramin rauni da ke son wuce mako 4 yana karɓar magani sai ya kawo takardar likita.