Gero Kaɗai Ba Ya Riƙe Tsuntsun Keji: Tambayoyi da Amsoshi

Tun da na fara kiwon ƙananan tsuntsaye a gidanmu na Zango, nan Damagaram, yawancin tambayoyin da abokan kiwo ke kawo mini a kan abinci suke. Tsuntsayen da nake nufi su ne masu cin tsaba: kanari, baiwar Allah, asisi, da ɗan tsuntsun nan mai jan baki da kunci ruwan lemo wanda asalinsa Ostareliya ne.

Ai tsaba suke ci a daji. Me zai hana gero ya wadatar a keji?

Malam, zauna a tsakar gida da damina ka sa wa baiwar Allah ido. Za ka ga ta tsinci gero a gindin turmi, ta koma bakin katanga ta ja kan harkiya ko guɗe-guɗe tun tsabarsu na ɗanya, sannan ta cafke gara biyu uku. Kafin hantsi ta ci abu kala biyar. Wanda ke keji kuwa, abin da ka zuba masa shi ne rabonsa.

Gero yana ba da ƙarfi, amma bitamin A da ke cikinsa kaɗan ne, haka ma kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Rashinsu ba ya nunawa a mako guda. A hankali gashi ke dusashewa, numfashi ya riƙa shaƙewa, namijin kanari ya rage kuka. Mace ta fi shan wuya: ƙwai ya zo da ɓawo mai laushi, ko ya maƙale mata, ka tarar da ita a ƙasan keji ta kumbura gashi tana haki. Tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 10 zuwa 15 ba, ba shi da ajiyar da zai jure wannan.

Wane ganye ya fi?

Ni dai zogale na sa a gaba. Ɗanyen ganyensa na da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga kalsiyam, kuma gidaje da yawa akwai itacensa. Sai alayyafo, da ganyen karas wanda masu sayarwa ke yankewa su zubar, da shi kansa karas in an goga shi. Salati ma suna so ƙwarai, amma a zaɓi ganyen waje mai duhun kore, domin farin na ciki kusan ruwa ne zalla. Kabeji da kokwamba jefi-jefi. Yakuwa ba na ba su, tsaminta na rage wa jiki cin moriyar kalsiyam.

An ce ganye na sa su zawo. Gaskiya ne?

Wannan maganar ta hana tsuntsaye da yawa abin da zai amfane su. Ganye ruwa ne da shi, dole kashin ya ɗan yi ruwa. In tsuntsun na tsalle, yana ci, idonsa garau, ba ciwo ba ne. Matsala na zuwa ne in wanda bai saba ba aka cika masa keji da salati rana ɗaya. A fara da ɗan yanki kamar faɗin babban yatsa, sau 2 ko 3 a mako, a riƙa ƙarawa har ya zama kullum. Amma in kashi na wari, yana manne a gindi, tsuntsun ya yi lamo, wannan kam a nemi likitan dabbobi.

Ganyen kasuwa fa, ko wankewa ta isa?

A nan na fi son a saurare ni. Da sanyi, in kayan garka suka cika Kasuwar Dole daga Miriya da Gidimuni, ganye ya yi araha, ya yi kyau a ido. Sai dai wasu masu garka na fesa maganin ƙwari, kuma abin da cikin mutum zai ɗauka ba tare da ya ji komai ba yana iya kashe ɗan tsuntsu. Na taɓa sayen salati, na yayyafa masa ruwa sama-sama don ina sauri, na rataya wa asisi biyu. Kafin la'asar ɗayan na rawar jiki a kan sanda, da magariba ya mutu. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don sakacina ne.

Yanzu ganye ɗaya ɗaya nake warewa, in jiƙa a ruwa mai tsabta kamar minti 10, in ɗauraye sau biyu, in shanya a kan tsumma ya tsane. Wanki na rage magani, ba ya cire wanda ya shiga cikin ganyen. Shi ya sa na fi natsuwa da abin da na shuka da hannuna. Tsohon bokiti da ƙasa da ɗan taki sun isa alayyafo, kuma ruwan da aka wanke shinkafa ya ishe shi, tunda kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan. Piya-piya kuwa kada a fesa ta a ɗakin da keji yake.

Tsuntsuna ya ƙi cin ganye sam. In hana shi gero har yunwa ta sa shi?

A'a, don Allah! Ƙaramin tsuntsu na iya mutuwa in ya kwana ɗaya bai ci ba. Tsoron baƙon abu ne kawai. A yanka ganyen ƙanana a barbaɗa kan gero, ko a saƙala shi jikin waya kusa da inda yake sauka, da sassafe. Wani sai ya yi mako biyu yana kallo. In ɗaya ya fara ci, sauran za su bi.

A riƙa hura kwanon gero ma. Suna ɓare tsaba su bar ƙaiƙayi a sama, ka ga kwano cike alhali babu komai a ciki.

Ban da ganye, sai me?

Dafaffen ƙwai, a murtsuke shi, sau 1 ko 2 a mako, kullum kuma in suna ciyar da ƴaƴa ko suna sake gashi. Ɓawon a tafasa shi, a shanya, a daka, a ajiye musu a ɗan murfi. Da damina a kama musu gara da shinge, domin baiwar Allah da asisi da ƙwari suke renon ƴaƴansu. Da kaka a rataya musu zangarniyar tumu tun tana da madara, za ka ga yadda suke lilo a kanta. Acca ma in an samu tana da kyau a gauraya da gero.

Sai tsiron gero: a jiƙa shi dare ɗaya, a tsane, a riƙa ɗaurayewa safe da yamma, cikin kwana 1 ko 2 zai fito da ɗan farin baki. A sunsuna kafin a ba su, in ya yi tsami ko fumfuna a zubar. Kada a gwada haka da dawa. Tsiron dawa na da guba, makiyaya sun san yadda yake kayar da dabba.

Me ba a ba su ko kaɗan?

Piya (avocado), albasa, tafarnuwa, cakulan, shayi, kofi, da duk abin da aka sa wa gishiri ko mai. Ganyen tumatir da na dankalin turawa, da tumfafiya. Gyaɗa ko hatsin da ya yi fumfuna shi ma yana lalata hanta.

Da bazara ganye na yaushi nan da nan. Yaya za a yi?

A Afrilu da Mayu, in zafi ya haura digiri 40, a ba su da asuba a kwashe kafin hantsi ya yi ƙarfi. Ƙwai kam kada ya wuce awa 2 a keji. Reshen zogale ina tsoma gindinsa a ƙaramar kwalba mai ruwa, in toshe bakin da tsumma don kada tsuntsu ya faɗa, sai ya kai azahar da ɗanyensa. Ranar da babu ɗanye, busasshen zogalen da aka shanya a inuwa nake dakawa, in barbaɗa ɗan tsunkule a kan ƙwan.