Takalmin birki a filin tsere: jiran ƙararsa kuskure ne

Direbobi da yawa sun daɗe da ɗauka cewa takalmin birki lafiyarsa ƙalau muddin bai fara ƙara ba. A filin tsere kamar Nürburgring na Jamus, inda zafin faifan birki kan haura digiri 600 a ma'aunin Celsius, wannan tunani haɗari ne babba. Kaurin takalmin ne ke tare zafi, saboda haka idan ya siranta, zafin yakan kai ga man birki, wanda wani nau'insa da ake kira DOT 4 kan iya tafasa a digiri 230, ko 155 idan ya sha danshi, sai birkin ya yi laushi a ƙafa, mota ta ƙi tsayawa. Shi ya sa masu tsere da dama kan canza takalmin tun kaurinsa yana kusan rabi, suna kuma duba takalmin da ke ɓangaren ciki na faifan, wanda sau da yawa ya fi saurin cinyewa.