Waiwaye: Yadda na'urar hana karo ta zama idon duniya a kan teku

Tun watan Disamba na 2022, da ƙasashen Yamma suka ƙayyade farashin ɗanyen man Rasha a dala 60 kan kowace ganga, labarin jiragen dakon mai da ke “ɓacewa” a teku ya ƙi ƙarewa. Jirgi zai kashe na'urar da ke nuna inda yake, bayan kwanaki ya sake ɓullowa maƙil da mai. Wani kuma taswira za ta nuna shi yana kewaye a wuri guda, alhali yana can nesa yana juye kaya cikin wani jirgin. Masu inshora da masu bin diddigin takunkumi na cewa a hukunta duk wanda ya kashe. Ma'aikatan jirgi na cewa wanda ke ratsa inda ake harbi yana da haƙƙin ya ɓoye kansa. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya abin ya tsiro, alhali ya haura shekara ashirin.

Na'urar da ake wannan taƙaddama a kanta ita ce AIS. Akwati ne da ke ɗakin tuƙi, haɗe da GPS da eriyar rediyo, yana shela a kan mita biyu, 161.975 da 162.025 megahaz. Idan jirgi na tafiya, duk bayan daƙiƙa 2 zuwa 10 yakan faɗi inda yake, da gudunsa, da inda ya dosa. Idan yana tsaye, duk bayan minti 3. Duk bayan minti 6 kuma sai ya ƙara da sunansa da girmansa da tashar da za shi. Kowane jirgi na da lambarsa mai alƙaluma tara. An yanka kowane minti gida 2,250 a kan kowace mita, jiragen da ke kusa da juna su raba gurabe a tsakaninsu ba tare da wani ya tsara musu ba. Abin ya yi kama da mai tafiya a lungu cikin duhu yana gyaran murya don kada a yi karo da shi: maƙwabci yake yi wa, kuma ba shi da dalilin yin ƙarya.

Farkon labarin sananne ne. Nutsewar Titanic a 1912 ta haifar da yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, wadda ta 1974 ce ke aiki har yau. Malalar man da aka yi a Alaska a 1989 ta sa aka matsa neman hanyar sanin inda manyan jirage suke. A shekara ta 2000 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta wajabta AIS a kan jiragen fasinja da duk jirgi mai awon tan 300 zuwa sama da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. An tsara a fara daga Yuli 2002, a bi sannu a hankali, ƙananan cikinsu su kai har 2007.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne tsakanin Disamba 2002 da Disamba 2004, kuma a ganina nan ne ƙullin yake. An kai hari Amurka ranar 11 ga Satumba 2001. A Oktoba 2002 wani kwale-kwale ɗauke da bam ya afka wa jirgin dakon mai Limburg a gaɓar Yaman. Hankalin kowa ya tashi, tambayar ta sauya daga “yaya za a hana karo?” zuwa “wane jirgi ne wancan ke nufo tasharmu?” A taron tsaron teku da aka yi a Landan cikin Disamba 2002, ƙasashe suka amince a jawo wa'adin, ya zama 31 ga Disamba 2004 ne ƙarshe. Gaskiya ne tun a ƙa'idojin 1998 an yi tanadin ƙasar da ke bakin teku ta saurari jiragen da ke ruwanta. Amma yanzu wannan aiki na gefe ya dawo gaba, akwatin kuwa bai canza ba. Saƙonsa a buɗe yake, ba a kulle shi da lambobin sirri ba, babu kuma wata shaida da ke tabbatar da cewa mai magana shi ne wanda ya ce. Ga hana karo, hakan daidai ne, don so ake kowa ya ji. Ga tsaro kuwa, an dogara ne ga wanda ake zargi ya faɗi gaskiya a kan kansa.

Ga shi kuma wani sashe na bayanin da hannu ake shigar da shi. Jami'in da ke bakin aiki ne ke danna sunan tashar da za su da zurfin da ƙasan jirgin ya shiga cikin ruwa. A shekarun farko an sha ganin jirgi ya bar tasha da makonni amma allo na nuna can za shi, ko jirage biyu da lamba ɗaya. Yawanci sakaci ne, ba mugunta ba, amma ya nuna wa mai mugun nufi cewa ƙofar a buɗe take.

A daidai watan da wa'adin ya cika, Disamba 2004, kwamitin kiyaye haɗura na IMO ya yi gargaɗin cewa wallafa bayanan AIS a intanet na iya jefa jirage da tashoshi cikin haɗari. Gargaɗin ya hango abin da ke tafe, sai dai babu yadda za a hana mutum jin abin da aka watsa a iska. Duk mai eriya a kan rufi da ƙaramar rediyo da kwamfuta zai iya kamawa ya tura. A 2007 shafin MarineTraffic, mai nuna jirage a kan taswira, ya fara a matsayin aikin jami'a a Girka, masu sa-kai na aiko masa da abin da eriyoyinsu suka kama. Tun daga lokacin, muryar da aka yi don maƙwabci mai nisan mil ashirin ko talatin ta zama ta kowa. (Ko ƙasashe sun gane haka: a 2006 suka amince da wani tsari daban, LRIT, wanda jirgi ke aika wa ƙasar da ya yi rajista da ita inda yake duk bayan awa 6, ba a bainar jama'a ba. Amma AIS ne kasuwa ta kama.)

Saura kuwa ya biyo baya da sauri. Daga 2008 aka fara kama saƙon daga taurarin ɗan'adam, Norway ta harba nata, AISSat-1, a 2010, tsakiyar teku ma ta daina zama maɓoya. 'Yan kasuwar mai suka koma ƙirga jirage don hasashen farashi, a 2016 ƙungiyar Global Fishing Watch ta fara nuna wa jama'a jiragen kamun kifi. Da bayanin ya zama kuɗi, ƙarya a cikinsa ma ta zama kuɗi. A 2013 masu bincike suka nuna cewa da kayan rediyo masu araha ana iya ƙirƙirar jirgin da babu shi. A Yuni 2017 jirage fiye da 20 a Bahar Aswad suka ga na'urorinsu na nuna su a wani filin jirgin sama a kan tudu, saboda an gurɓata siginar GPS ɗin da suke dogaro da ita. A Yuni 2021 taswira ta nuna jiragen yaƙin Birtaniya da Holan dab da Sebastofol da ke hannun Rasha, alhali suna ɗaure a tashar Odesa ta Ukraine.

Masu kashewa don tsoro ma suna da hujja, kuma ƙa'idar IMO ta yarje wa kyaftin ya kashe idan ya ga barin ta a kunne zai jawo wa jirginsa haɗari. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Kyaftin da ya yi shiru a wannan ruwa don gudun 'yan fashi da wanda ya yi shiru don lodin man sata, a kan allo iri ɗaya suke. A Bahar Maliya kuwa, daga ƙarshen 2023 da 'yan Houthi na Yaman suka fara kai wa jirage hari, wasu suka mayar da gurbin rubuta tashar da za su wurin roƙo, suna rubuta ƙasar ma'aikatansu ko cewa ba su da alaƙa da Isra'ila, don sun san masu harbi na karantawa.

A Disamba 2023 babban taron IMO ya zartar da ƙuduri yana kiran ƙasashe su sa ido a kan jiragen da ke ɓoye kansu. Masu bin diddigi kuma yanzu ba sa karɓar maganar AIS ita kaɗai, sai sun gwada ta da hotunan rada na taurarin ɗan'adam, waɗanda ke ganin ƙarfen jirgi ko da dare ko cikin gajimare, sannan su nemi wanda ke cikin hoto amma ba ya cikin masu shela.